ABIN DA NARI TA KARANTA (Shafi na 19)

Masu biyo ni ta saƙo suna cewa na cika jan rai, to yau babu ja. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ga inda aka kwana: Okhwa ta gudo daga Yosu da 'yarta Nari bayan mijinta, Tak Mansik, ya karya mata haƙarƙari. Ta ɓuya a unguwar kan tudu a Seoul, inda ba mai tambayar wani daga ina ya fito, ta sa Nari a ɗakin karatun da Malama Sol ta buɗe wa ƙananan yaran unguwar. Mu je.

* * *

Ranar girkin Okhwa ce.

Haka matan unguwar suka tsara tun da aka buɗe Ɗakin Karatun 'Yan Tsaki. Ba a biyan Malama, amma kowace uwa tana da ranar da za ta ture kwandon tafarnuwar da take ɓare wa 'yan kasuwa, ta zo ta dafa wa yaran shinkafa da miya. Wasunsu in ba nan ba, sai iyayensu sun dawo daga aiki za su ga abinci mai zafi.

Tana tsugune a ɗan kicin ɗin baya tana juya miyar daddawa da awara. Ta bar ƙofar tsakani a buɗe don ta riƙa jin muryar 'yarta.

"Kwa... ɗo... ya... sa... yi... le... ma."

"Haɗa su," in ji Malama Sol.

"Kwaɗo ya sayi lema."

"Ƙarya ne," wani yaro ya ce. "Kwaɗo a ruwa yake kwana. Me zai yi da lema?"

"To ka yi shiru mana ka ji," in ji Nari.

Okhwa ta yi murmushi cikin tururi. Yarinyar da farkon zuwansu ko tarin namiji ta ji sai ta shige bayan ƙofa, yau ita ce ke gaya wa ɗa namiji ya yi shiru.

Aka ja ƙofar waje da ƙarfi, ko ƙwanƙwasawa babu. Sanyi ya kwararo har kicin.

"Kawu," wata 'yar murya ta ce, "ba ka cire takalmi ba."

Ba a kula ta ba. Sai takun takalmi mai nauyi a kan daɓen da yara ke zama.

"Nan ne 'Yan Tsaki?"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Okhwa ya nutse cikin tukunya. Ko a tsakiyar hayaniyar kasuwar kifi aka yi wannan murya, za ta tsince ta.

"Sannu da zuwa," in ji Malama Sol. "Wa ake nema?"

"'Yata."

Littafin da ke hannun Nari ya faɗi ƙasa.

Ƙofar baya tana daf da kafaɗar Okhwa, sakata ce kawai tsakaninta da lungu. Ƙafafunta har sun juya can da kansu, don sun saba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta goge hannu a siket, ta shiga ɗakin.

Yana tsaye kusa da murhun gawayin da ke tsakiya, sanye da jakit ɗinsa na aikin tashar jiragen ruwa, dusar ƙanƙara na narkewa daga takalminsa tana jiƙa zanen da yara suka yi. Ya yi aski, ya gyara gashin baki, kamar mai zuwa biki. Yara sun yi cirko-cirko. Nari ta maƙale a bayan Malama, ta cusa fuska cikin rigar sanyinta.

"Baban Nari."

"Au, kin gane ni." Ya kalle ta daga sama har ƙasa. "Na ɗauka ruwan Seoul ya wanke ni daga idonki. Har ƙiba kika yi."

"Mu fita. Duk abin da za ka faɗa, ka faɗa min a waje."

"Da sanyin nan? Tun daga Yosu, ko shayi ba za a ba baƙo ba?"

"Akwai yara."

"Ai yara na zo gani."

Ya sa ƙafa ya share littattafan da ke kan ɗan gajeren teburin, ya zauna a kai. Katakon ya yi ƙara.

"Nari. Zo ki gaida Baba."

Yarinyar ba ta motsa ba.

"Kin san ba na maimaita magana."

Malama Sol ta gyara tabarau. Siririya ce, ba ta kai kafaɗarsa ba, kuma shekarun da ta yi a kan keken ɗinki a masana'anta kafin ta yi karatun yamma sun ɗan ranƙwafar mata da baya.

"Baban Nari, yanzu lokacin karatu ne. In an tashi, sai a kira manyan unguwa a zauna a yi..."

Ya miƙe kamar mai son ya ji ta da kyau, ya kai mata mari da bayan hannu. Tabaranta ya yi tsalle ya bugi murhu ya tarwatse. Ita kuma ta zube a jikin kantar littattafai, katakon ya karye, littattafan suka rufto mata. Yara suka fashe da kuka gaba ɗaya.

"Shiru," in ji Mansik.

Suka haɗiye kukan.

Ya damƙo tsintsiyar hannun Nari ya jawo ta, ya koma ya zauna, ya ɗora ta a cinya kamar uban kirki. Fitsari ya biyo safar yarinyar. Ya gani, bai ko matsa ba.

Okhwa ta yunƙuro.

"Tsaya nan," ya ce, ya ɗaga ɗan hannun ya nuna mata. "Kin san ba shi da wuyar karyewa."

Ta tsaya.

"Wa ya gaya maka inda muke?"

Zuciyarta har ta fara zagaya unguwa. Matar da ta ba ta hayar ɗaki. Mai sayar da gawayi. Direban bas ɗin nan ɗan kudu da ya taɓa jin harshenta ya tambaye ta garinsu.

"Daina wahalar da kanki, ba wanda kike zargi ba ne." Ya shafa kan Nari. "Ga ta nan. 'Yata ce ta yi min kwatance."

"Ƙarya kake."

"Nari, gaya wa Mama abin da kika karanta a waya. Da ƙarfi. An ce ke ce gwanar ajin."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ya ƙara matse hannun.

"Gi... Gidan Wanka na Ruwan Dutse."

"Sai me?"

"Kantin Shinkafa na Bongsu."

"Sai me?"

"Tashar ƙarshe. Tudun Dolmaru."

"Na jikin jakarki fa?"

"Ɗakin Karatun 'Yan Tsaki."

Sai a lokacin Okhwa ta gane.

Wayar kan titi ce, wadda ke gindin tudu inda bas ke juyawa. Can take sauka jefi-jefi ta kira Ummarta a Yosu, ta ce muna lafiya, ta ajiye. Ko sau ɗaya ba ta faɗi sunan unguwa ba, Seoul ɗin ma ba ta taɓa ambata ba. Kiran ƙarshe da ta yi, ta miƙa wa Nari wayar ta gaida kakarta, ita kuma ta tsallaka titi sayen awara. Daga bakin kanti ta hango yarinyar ta yi ɗage, waya a kunne, tana nuna allunan kantuna da yatsa, bakinta na motsi. Har taɓa mai kantin ta yi ta ce, "Dubi 'yata, karatu take wa kakarta."

Malama Sol ta ɗago daga cikin littattafai, jini na bin haɓarta.

"Farautar haruffa," ta ce can ƙasa.

Wasan da take musu ne ranar Asabar. Ta jera su ta sauka da su gindin tudu, duk wanda ya karanta allon kanti daidai ta ba shi alewa.

Mansik ya ɗan rusuna mata daga zaune.

"Malama, na gode. Na je Busan, na je gidan yayarta a Gwangju, na bi tashoshin mota har na gaji, duk a banza. Ashe ke ce za ki nemo min su. Ki riƙe sana'ar nan, kina da hannu."

"Me ka yi wa Ummata?" in ji Okhwa. "Gida ka je ka tsaya a kanta tana waya, ko? Me ka yi mata?"

Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Yau kika tuna kina da uwa? Kin bar tsohuwa ko kasuwa ba ta iya shiga saboda bakin mutane."

"In ka taɓa ta..."

"Sai me?"

Ya sunkuya ya ɗauki littafin kwaɗo, ya ture murfin murhu, ya jefa a ciki. Ya ƙara wani. Ya ƙara wani. Wuta ta lashi takarda ta taso.

"Kawu," yaron nan mai gardamar lema ya ce cikin shessheƙa, "ba mu ga ƙarshensa ba."

Mansik ya juya ya dube shi. Yaron ya shige bayan 'yan uwansa.

"Karatu ya ƙare," ya ce, ya miƙe da Nari a hannu. "Ke, ɗauko rigarki. Jirgin yamma za mu bi."

Kafin ya kai ƙofa Okhwa ta riga shi. Ta jingina bayanta da ita.

"Ka tafi da ni. Ka bar ta."

"Ciniki kike da ni? Da ke da ita duk nawa ne."

"Ba inda za ta."

"Me kika ce?"

"Na ce ba inda za ta."

Naushin farko a gefen ciki ya same ta, daidai inda ya san bai gama warkewa ba. Numfashinta ya ɗauke. Ta durƙushe, amma a kan hannunsa ta faɗi, hannun da ke riƙe da Nari, ta kafa haƙora a tsintsiyarsa ta datse. Ta ji gishirin jini a harshe. Ya yi gurnani, ya dunƙule ɗaya hannun yana kirɓar ƙeyarta. Idonta ya yi duhu, kunnenta ya toshe, amma ba ta saki ba sai da ta ji yatsunsa sun buɗe.

"Malama," ta ce, bakinta jawur. "Fitar da su. Ta baya."

Malama Sol ta rarrafo tana lalube, ta cafko Nari, ta miƙe da ƙyar.

"Kowa ya riƙe rigar na gabansa. Kar wanda ya waiwaya. Maza, ta kicin."

Mansik ya juya zai bi su. Okhwa ta rungume ƙafafunsa biyu. Ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan teburi, teburin ya rabe. Ta ji an zare sakatar baya, ta ji ƙananan ƙafafu suna fita lungu, sannan ta sassauta.

Da ya tashi ba ya sauri. Ya naɗe gashinta a hannu kamar yadda yake naɗe igiyar jirgi, ya ja ta a ƙasa har bango, ya buga fuskarta da katakon taga. Ya sake bugawa.

"Kin san abin da ake ce min a tasha?"

Ya kai mata shuri a cinya.

"Wanda matarsa ta tsere. Yara 'yan jiya-jiya, masu ɗaukar min kwando, in na juya baya sai dariya."

Wani shurin a baya. Ta dunƙule, ta kare kai da hannuwa. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe da sanin kuka ƙara masa ƙarfi yake.

"Uwata ta mutu tana tambayar jikarta. Kin sani? Ina za ki sani, kina nan kina dafa wa 'ya'yan mabarata miya."

Ya zare bel ɗinsa, ya naɗe jelar a hannu, ya bar ƙarfen yana lilo.

Ƙofar waje ta buɗe.

Iya Gunsan ce, tsohuwar da ke zuwa kullum da yamma ta canza gawayin murhu. Awartaki a hannunta, ya cafke dunƙulen gawayi ja jawur da ta ɗauko daga murhun gidanta. A bayanta Maman Dusik ce, ƙatuwa, hannunta jiƙe da kumfa, riƙe da sandar bugun wanki. Bayan su wasu mata biyu, ɓawon tafarnuwa a jikin rigunansu. Kukan yara ne ya fito da su.

Iya ta kalli Okhwa a ƙasa. Ta kalli kantar da ta karye. Sannan ta kalli ƙafafunsa.

"Kai. Gidan uban wa aka raine ka, da za ka tako da takalmi inda jikokina ke zama?"

"Tsohuwa, koma inda kika fito. Maganar gida ce. Matata ce."

"Nan ne gidan naka? Ni dai ban taɓa ganinka a layin famfo ba."

"Ku kira 'yan sanda in kuna so. Su da kansu za su ce ku ba ni iyalina."

"Mun sani," in ji Maman Dusik. "Shi ya sa ba mu kira su ba."

Ta shigo da sandar a sama, ta sauke masa a kafaɗa. Ya tanƙwashe, amma ya cafke sandar, ya fizgo ta, ya kai mata karo da goshi a hanci, ya wurga ta jikin bututun murhu. Bututun ya ɓalle. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, butar shayin sha'ir da ke kan murhun ta kife tana ƙara a kan ƙarfe.

Matan biyu suka yo kansa, ɗaya ta kama jakit, ɗaya ta kama gashi. Ya girgije su. Hannunsa ya shiga aljihu ya fito da 'yar gajeriyar wuƙarsa ta fiɗar kifi.

Suka ja baya.

Maman Dusik ta taso tana tangaɗi, jini na zuba daga hancinta, ta miƙa hannu za ta ɗauki sandarta. Ya yanke ta daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Jini ya fantsama a kan allon baƙaƙen da Malama ta manna a bango.

"Saura wa?" ya ce yana haki. "Ku zo mana, 'yan tsaki."

Iya Gunsan ba ta ja da baya ba. Ta zuro awartakin da garwashin kai tsaye zuwa fuskarsa. Ya kauce, wutar ta goge kunnensa, warin ƙonannen gashi ya tashi. Ya kai mata gula da gwiwar hannu a ƙirji. Tsohuwa ta faɗi zaune, gawayin ya gangara ya fashe cikin littattafan da ke zube, takardu suka kama.

Ya tsaya a kanta da wuƙa.

"Da kin zauna a gida kin jira mutuwarki."

"Ai ita nake jira," in ji Iya tana tari. "Ban dai san za ta zo da warin kifi ba."

Ba wanda ya lura Okhwa ta bar jikin bango. Da rarrafe ta kai kicin. Miyar na ta tafarfasa. Tsumman sauke tukunya yana rataye, ba ta tsaya ɗauka ba. Ta kama kunnuwan tukunyar da hannu, ta ji fatarta ta manne da ƙarfen, ta ɗaga.

"Baban Nari."

Ya waiwayo.

Ta watsa masa.

A wuya da ƙirji da rabin fuska ta same shi. Ƙarar da ya yi ba ta taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Wuƙar ta faɗi, ya bi ta ƙasa yana birgima, yana yagar rigarsa. Matan suka rufar masa, ɗaya ta take wuƙar ta shure ta ƙarƙashin kanta, ɗaya ta zauna a ƙafafunsa.

Okhwa ta ɗauki sandar wanki.

Ta sauke a gwiwarsa. Ta sauke a bayansa. Ta nemi hannun dama, hannun da ta sani sarai, ta yi ta dukansa har yatsun suka daina kama da yatsu. Ana mata magana, ba ta ji. Ta ɗaga sandar saitin kansa.

Aka rungumo ta ta baya.

"Ya isa," in ji Iya Gunsan a kunnenta.

"Bai isa ba."

"Na san bai isa ba. Amma in ya mutu, gidan yari za ki, yarinyar kuma dangin Tak za a miƙa wa. Ajiye, 'yar nan."

Sandar ta faɗi. Sai a lokacin ta ga tafin hannunta, ya yi fari ya tashi.

Aka ciro igiyar shanya aka ɗaure shi hannu da ƙafa. Aka kwara bokitin ruwa a kan littattafan da ke ci, aka buɗe taga hayaƙi ya fita. Ɗakin da ɗazu ake karatu ya koma toka da ruwa da jini. Maman Dusik ta zauna a ƙasa ana ɗaure mata hannu da ɗankwali, ta dubi gutsattsarin awara a jikin jakit ɗinsa.

"Maman Nari, abincin yara guda kika ɓarar a kan aladen nan."

"Ke dai yi shiru a ɗaure miki," in ji mai ɗaurin.

"Ni awarar nake jin takaici."

Sai suka ji wani sauti daga ƙasa. Da farko sun ɗauka nishi ne. Kafaɗunsa na girgiza, kumatunsa manne da daɓe, rabin fuskar ya kumbura ya rufe ido ɗaya. Dariya yake.

"Ƙwaƙwalwar ce ta dahu?" in ji Maman Dusik.

Ya buɗe idon da ya rage ya nemo Okhwa.

"Ina Narin?"

Okhwa ta waiwaya wajen kicin.

"Kin ɗauka ni kaɗai na hau jirgi?"

Ƙofar kicin ta motsa. Malama Sol ta shigo tana dafa bango, ba takalmi, tana ƙanƙance ido.

"Maman Nari? Nari ta shigo nan?"

"Ba tana hannunki ba?"

"Na kai sauran yaran gidan Maman Yuna. A lungu ne wata ta kira ta da suna, muryar tsohuwa, sai ta fizge hannunta ta ruga. Na ɗauka Iya ce. Ba na gani, ba tabarau ba na ganin..."

"Ni ina nan," in ji Iya Gunsan a hankali.

Okhwa ba ta san lokacin da ta fita ba.

Da safa kawai take gudu. Matakalar unguwar ta daskare, tokar gawayin da ake watsawa don santsi ba ta kai ko'ina ba. Ta zame ta gangara a kan baya, ta tashi. Ta wuce famfo, mata masu layi suka dare. Ta sake faɗuwa, ta dafa ƙasa da ƙonannen hannu, ta ji fatar ta saluɓe, ta tashi. Kowane numfashi kamar ana soka mata ƙusa a haƙarƙari.

"Nari. Nari."

Muryar ma ba ta fita.

A gindin tudu, inda bas ke juyawa, wata tasi na tsaye, inji na aiki, ƙofar baya a buɗe. Nari na ciki a zaune, an lulluɓa mata mayafin ulu. A bakin ƙofar wata 'yar tsohuwa ce tsaye da doguwar rigar sanyi ruwan toka, wadda ba ta sawa sai za ta gidan biki, ta rungume jaka a ƙirji.

Okhwa ta tsaya cak.

"Umma."

Ta ƙarasa tana ɗingishi, idonta na bin fuskar uwar, wuyanta, hannuwanta, tana neman shaidar duka.

"Umma, ya tilasta miki? Ina ya dake ki? Kar ki ji tsoro, an ɗaure shi, ba zai..."

"Ba wanda ya taɓa ni."

Fuskar tsohuwar sumul. Gashinta ma a gyare yake.

"Ni na ce ta karanta min abin da ke gabanta. Na haddace, na je har tashar jiragen ruwa na same shi na faɗa masa."

"Umma."

"Dubi yadda kika koma. A titi, ba takalmi, kamar mahaukaciya. Wannan ce rayuwar da kika gudo ki yi?"

"Kashe ni zai yi. Kin ga jikina da idonki a asibiti."

"Na gani. Ni ma ubanki ya karya min hannun nan, har yau ba ya miƙewa. Ina na je? Da na tafi, wa zai raine ki?"

"Ba ni 'yata."

"'Yar gidan Tak ce. Ba za a ce jikata ta tashi a kan juji ba uba ba." Ta sunkuya ta shiga motar, ta zauna ta tare ƙofar da jikinta. "Mu za mu yi gaba. Mijinki zai taho da ke. In kin kwantar da kai, komai zai wuce."

Nari ta leƙo ta ƙarƙashin hannun kakarta. Idonta ya kumbura.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba zan ƙara karatu ba. Na daina."

Okhwa ta kai hannu. Tsohuwar ta ja ƙofar ta rufe, ta danna makulli.

"Direba, tashar jirgin ƙasa."

Okhwa ta ja ƙofar, ta ƙi. Ta bugi gilashin, tafinta ya bar jini a jiki. Ta zagaya da gudu ta tsaya a gaban motar, ta kifa hannu biyu a kan murfin inji.

Direban ya leƙo ta taga.

"Baiwar Allah, matsa mana."

Ba ta matsa ba.

"Ja mu tafi," ta ji muryar Ummarta daga ciki. "Ni na haife ta. Za ta kauce."

Direban ya dubi matar da ke gabansa, ya dubi tsohuwar ta madubi.

Sannan ya sa motar a giya.